Ɗan Ma'aunin Murhu Ya Rasu a Ɗakin Sirace

Da zuciya cike da baƙin ciki, da yatsun da sai yanzu suka fara iya riƙe biro, ni Vernon Saarela na garin Ironwood, a madadin kaina da abin da ya rage a gidan nan, nake sanar da 'yan uwa da maƙwabta da abokan arziki rasuwar ɗan ma'aunin zafi na murhun ɗumama gidana. Ya riga mu gidan gaskiya ranar Asabar, sha takwas ga Janairu, da misalin ƙarfe uku na yamma, yana da shekara ashirin da shida a bakin aiki. Ya cika a ɗakin sirace da ke bayan gida, a kan duwatsu masu zafi, a gaban shaidu biyu waɗanda babu mai riga a cikinsu. Allah Ya jiƙansa, Ya sa ya huta.

Tun kafin magana ta yi nisa, bari in faɗi abin da za a ji a gari ko ban faɗa ba, tunda maƙwabcina Duane Hakala yana wurin, kuma bakin Duane ba shi da marfi. Marigayin lafiyarsa ƙalau. Ni na kashe shi.

Yawancinku ba ku taɓa ganinsa ba, don bai taɓa hawowa sama ya gaisa da baƙi ba. A ɗakin ƙarƙashin ƙasa ya yi rayuwarsa duka, cikin ƙirjin murhu, dab da inda wuta take ci. Ɗan ƙarfe ne zagayayye, girmansa bai wuce maɓallin kwat ba, da wayoyi biyu a bayansa da lamba a goshinsa: ɗari da tamanin, a ma'aunin Fahrenheit da muke amfani da shi a nan. Aikinsa ɗaya ne. In iskar da ke cikin murhu ta yi zafi ta kai wannan lambar, sai ya ce ƙas, ya kashe wutar, don kada cikin murhun ya tsage ya turo mana hayaƙin da ke kashe mutum yana barci. In ta huce ya sake cewa ƙas, wuta ta kama. Iyakar maganarsa ke nan a duniya.

Marigayi mai haƙuri ne, mai kawaici. Bai taɓa neman a ɗiga masa mai ba, bai taɓa neman a share masa ƙura ba, bai taɓa cewa yau Kirsimeti ce a bar shi ya huta ba. Ni shekara talatin da ɗaya na yi ina tuƙa motar share ƙanƙara a titunan gundumar nan, na yi aiki da mutane iri-iri, har da wanda in ya share layi ɗaya sai ya tsaya gari ya yaba masa. Marigayi ba ya cikin irinsu. Ya shigo gidan nan a shekarar da 'yata Gwen ta gama sakandare, kuma matata Ardis ce ta zaɓi murhun, ni hannu kawai na sa a takarda. Daga ranar har zuwa watan Disamban da ya wuce ban taɓa jin muryarsa ba, ban ma san akwai shi ba.

Domin masu ta'aziyya su fahimci abin da ya shiga tsakanina da shi, dole in ambaci wani alkawari. Shekara huɗu ke nan da rasuwar Ardis. Washegarin jana'izarta, bayan matan coci sun kwashe tukwanensu sun tafi, Gwen ta zauna a teburin kicin ta dube ni.

"Baba, ba zan yi ta ja da kai ba, na san halinka. Akwai ɗakuna biyu a saman garejinmu a Green Bay, na gyara su."

"Ki saka haya," na ce.

"Ji nan. Murhun nan ya tsufa. Muddin yana aiki, zauna abinka, ba zan ƙara ɗago maganar ba. Amma ranar da ya mutu maka da tsakiyar sanyi, ka tattara ka taho. Ka yarda?"

Na miƙa mata hannu muka tafa, kamar masu cinikin mota. Ni a lokacin gani nake na yi mata wayo, don na tabbata murhun nan shi zai binne ni. Tun daga ranar, raina da nasa suka zama ɗaya. Duk Lahadi bayan coci Gwen takan kira ni ta waya mai hoto, kuma tambayarta ta farko ba ta taɓa canzawa ba: "Baba, gida da ɗumi?"

Mu nan kowa ya san yadda ake tarbar sanyi. Ana lulluɓe tagogi da leda, a kafa sanduna a bakin hanya don mai share ƙanƙara ya gane iyaka, ɗakin da ba a kwana a ciki kuma a rufe kafar da iska mai ɗumi ke shigowa, a ja ƙofa, a cusa tsohon tawul a ƙarƙashinta. Haka ubana ya yi, haka kakana ya yi tun suna ƙona itace. Wa zai ɗumama ɗakin da babu kowa? Ɗakin Gwen na fara rufewa. Bayan Ardis ta tafi na rufe ɗakin saƙarta, sai ɗakin kwananmu, sai banɗakin sama bayan na zuƙe ruwan famfunansa. Bara na rufe ɗakin cin abinci, don mutum ɗaya ba ya buƙatar kujeru takwas. Bana da gwiwa ta matsa mini, na sauko da gado ƙaramin ɗakin da ke jikin kicin, na rufe falo, na jawo babban akwatin katako na Ardis na ajiye shi a tsakiyar barandar cikin gida don ya tare iskar da ke gangarowa daga bene. Duk wanda ya tambaya, na ce masa tattalin gas nake yi, kuma har ni ma na yarda da hakan.

Jinyar, ko abin da na ɗauka jinya ce, ta fara a makon farko na Disamba. Ina shan kofi da safe na ji murhu ya kama, huuu, kamar kullum. Minti huɗu, sai ƙas. Wuta ta mutu, fanka ta ci gaba da huro iska har ta koma sanyi. Can sai ƙas, ya sake kamawa. Minti huɗu, ƙas. In ya yi haka sau biyar a jere sai murhun ya yi fushi ya kulle kansa awa uku, ya bar ni da kofi mai sanyi. A jikinsa akwai 'yar jar fitila, tana ƙyaftawa sau huɗu tana tsayawa. Na sa tabarau na karanta takardar da ke manne a bayan marfin: ƙyaftawa huɗu, ma'aunin zafi ya yanke wuta. Takardar ba ta ce ya yi laifi ba, ni ne na ƙara wannan da kaina.

Babu abin da ban yi ba. Na canza matatar iska, da ta biyu ma na canza, ko da yake fes take. Na canza batirin akwatin bango da ake saita ɗumi da shi. Na kwance marigayin na goge shi da samfefa har ya yi ƙyalli. Na matse wayoyinsa. Na ƙwanƙwasa shi da ƙotar sukurdireba, da farko a hankali, daga baya ba a hankali ba. Na zage shi da zagin da Ardis ta hana ni yi a cikin gida, na ce ai ɗakin ƙasa ba cikin gida ba ne. Matakala goma sha uku ne zuwa wurinsa, akwai ranar da na sauka na hau sau ashirin da biyu da gwiwar nan tawa. Duk wannan bai sa ya canza magana ba. Minti huɗu, ƙas.

A waje sanyi ya kai ashirin ƙasa da sifili, a kicin kuma numfashina nake gani. Na koma yawo a gida da kwat da hula da safa biyu. Ranar Lahadi, saura kwata Gwen ta kira, sai in kunna tanda in bar ƙofarta a buɗe, in cire kwat da hula in jefa bayan firji, in zauna daga ni sai 'yar shat ina murmushi.

"Baba, gida da ɗumi?"

"Har gumi nake yi. Yanzu ma nake tunanin buɗe taga."

Da ta ajiye sai in rarumo kwat ina karkarwa. Lahadi shida na yi haka. Ban taɓa yi wa yarinyar nan ƙarya ba tun tana goye, kuma kowace Lahadi in na gama sai in ji na tsani kaina.

Duane ne kaɗai ya sani, don shi ba ya ƙwanƙwasa ƙofa. Tsohon ma'aikacin kamfanin waya ne, tun muna firamare muke tare, kuma tun lokacin yake ba ni shawarar da ban tambaya ba. Wata safiya ya shigo ya tarar da ni ina cin pasti, gasasshen naɗin fulawa da nama da dankali, da safar hannu.

"Kai, Vern, nan kicin ne ko ɗakin ajiye gawa? Ka kira Tammy mana."

Tammy Maccani ita ce mai gyaran murhu a yankinmu, ta gaji aikin daga ubanta.

"Tammy ajinsu ɗaya da Gwen," na ce. "Ita ta riƙe mata fure ranar aurenta. Kafin ta sauka matakala ta uku labari ya isa Green Bay."

"To sai ka daskare, mu jingine ka a gareji har bazara?"

"Ɗan ƙarfen can ne ya lalace. Tsoro ya kama shi, wuta na ɗan lasarsa sai ya yi ihu. In na tabbatar, in sayi sabo, shi ke nan."

"Ta yaya za ka tabbatar?"

Nan ne dabarar ta zo mini, kuma ina roƙon masu karatu su yi mini adalci, a lokacin ta yi kama da dabara mai kyau. An ce yana magana a ɗari da tamanin. A duk Ironwood, wuri ɗaya na sani da zafinsa ke kai ɗari da tamanin a hankali, da ma'auni a bango, da benci da mutum zai zauna ya sa ido. Ɗakin sirace na bayan gidana ne, wanda ubana ya gina, wanda ni da Duane muke shiga duk Asabar shekara arba'in.

Ranar Asabar da rana na hura wuta, na kwanto marigayin na sa shi a aljihu. Duane ya zo da mitarsa ta gwada waya, wadda ke yin ƙara muddin wuta na wucewa. Muka bar mitar a ɗakin tuɓe kaya don kada zafi ya lalata ta, muka zaro dogayen wayoyi ta ƙarƙashin ƙofa, muka ɗaura wa marigayin, muka rataye shi a ƙusa kusa da ma'aunin bango. Sannan muka tuɓe muka hau bencin sama, tsofaffi biyu da tawul a cinya, mun zuba wa maɓalli ido.

Mita tana ta tsiiii a waje. Ɗari da hamsin, marigayi shiru. Ɗari da sittin da biyar, shiru. Na ce wa Duane ya saurara, yanzu ɗan ƙarfen zai tona wa kansa asiri. Ɗari da saba'in da biyar. Gumi yana shiga mini ido. Allurar bango ta hau kan ɗari da tamanin daidai, sai ƙas. Mita ta yi tsit.

"Lafiyarsa lau, Vern," in ji Duane.

"Sa'a ya yi."

Muka buɗe ƙofa ɗakin ya huce, ya ce ƙas, muka rufe, muka sake. Ɗari da tamanin, ƙas. Sau uku muka yi, bai taɓa kuskure da ko ɗigo ɗaya ba.

"Ma'aunin bangon nan ma ya tsufa," na ce.

"Eh mana. Na bango maƙaryaci, na murhu maƙaryaci, mitata ma maƙaryaciya. A duk jihar Michigan kai kaɗai ka rage mai gaskiya, ga ka nan tsirara."

Da na saurare shi da yanzu ba na wannan rubutu. Amma in ɗan ƙarfen nan lafiyarsa lau, to murhun ne ke mutuwa, in kuwa murhun ne, to ni da gidan nan mun rabu. Wannan lissafin ne ya hau mini kai tare da zafi. Na ce raki ne ya yi masa yawa, in ya ɗanɗani zafi na gaske zai saba, ya daina firgita da ɗan kaɗan. Haka ubana ya yi mini a kan bencin nan ina shekara shida. Na sauko, na ciro shi daga ƙusa, na ɗora shi a kan duwatsu.

"Vern, kada ka..."

Na ɗebo ruwa da ludayi na watsa. Turiri ya tashi ya rufe mu. A cikinsa muka ji ƙas, sau ɗaya, don ko a lokacin bai fasa faɗin gaskiya ba. Sai wata 'yar siririyar ƙara, tsss, da warin roba mai ƙonewa. Na zaro shi da ludayi, ya yi baƙi, bayansa ya narke. Muka kai shi waje muka sa a kan ƙanƙara ya huce, muka jira ya sake cewa ƙas. Mun daɗe a tsaye a wurin, da tawul, turiri na tashi daga jikinmu. Bai ƙara cewa komai ba.

Kwana biyu gidan ya yi babu murhu sam. Ranar Litinin na je shagon kayan gini na sayo sabo, yaro ɗanye mai sheƙi, da lambar ɗari da tamanin a goshinsa shi ma. Na ɗaura shi, na kunna, na zauna a kan bokiti na duba agogo. Wuta ta kama, huuu. Minti ɗaya, biyu, uku. Har na fara tunanin abin da zan gaya wa Duane. Minti huɗu, ƙas.

Ban yi zagi ba. Zagin ma ya ƙare mini. Na zauna a kan bokitin nan ina kallon jar fitila tana ƙyaftawa, na ji gajiyar da ban taɓa ji ba ko a shekarun da nake awa goma sha shida a kan sitiyari.

Duane bai nemi izinina ba, shi ya kira Tammy. Ta iso Talata da safe, ta buga takalmanta a bakin ƙofa, ta ce, "Ina kwana, Baba Saarela. An ce kun yi wa wani wankan sirace." Wato labarin ya riga ta zuwa. Ta sauka ƙasa, ko minti biyar ba ta yi ba ta hawo, akwatin kayan aikinta ma ba ta buɗe ba. Ta tsaya a kicin ta ɗora hannu a kan kafar iska, iskar na fitowa da ƙarfi har tana fito.

"Baba, kafofin iska nawa ne a gidan nan?"

"Goma sha ɗaya."

"Nawa ne a buɗe?"

Na ƙirga a zuci. "Biyu."

Ta leƙa baranda ta ga akwatin Ardis. "Wannan kuma a kan me yake zaune?" Ita da Duane, wanda ya biyo ta, suka ja shi gefe. A ƙarƙashinsa ga babbar ragar da murhu ke shaƙo iskar gida ta cikinta, wadda na taka sau dubu ban taɓa tunanin amfaninta ba.

"Baba, kun toshe masa hanci, kun toshe masa baki, kuka ce ya yi gudu. Zafin da yake yi ba shi da inda zai je, sai ya taru a cikinsa. Wancan da kuka gasa shi ne ya hana gidan nan zama labari a jarida. Rufe ɗaki dabarar masu murhun itace ce. Wannan an yi shi ne don gida duka, ba ya iya ɗumama rabi."

"To a buɗe na falo," na ce.

"Duka, Baba."

Ta fara daga ƙasa, ina biye da ita. Falo, ɗakin cin abinci, tana zare tawul tana jefa wa Duane, tana buɗe kafofi da tsinin takalmi. Muka hau bene, ni ina hutawa a kowace matakala ta uku. Ɗakin Gwen, banɗaki, ɗakin kwananmu. Da muka zo ƙofar ƙarshe ta ɗora hannu a mariƙi ta juyo ta dube ni, don ta san ɗakin, ita da Gwen sun sha zama a ciki suna yara. Na ɗaga mata kai.

Masaƙar Ardis tana nan yadda ta bar ta, ta cika rabin ɗakin. A kanta akwai dardumar tsumma da ba ta gama ba, irin doguwar nan ta baranda. Sai a ranar na lura da abin da take saƙawa da shi: tsofaffin rigunan aikina ne masu ruwan lemo, ta yayyanka su. Ragowar tsumman yana cikin kwando a ƙasa, tabaranta a kai. Tammy ta tsugunna ta buɗe kafar iska, muka sauko.

Murhu ya kama, ya yi minti huɗu, ya yi goma, ya yi ashirin. Sabon yaron bai ce uffan ba. Tammy ta leƙa cikin murhun da 'yar fitila ta ce bai tsage ba, zai iya ƙara shekara biyar. A bakin ƙofa na fara kame-kame, ina neman yadda zan roƙe ta.

"Gwen?" ta ce. "Me zan gaya mata? Murhu bai mutu ba. Ni ba ni da labari."

Wato na ci nasara. Alkawari bai karye ba, gida nawa ne, ɗumi ya dawo har na cire safa ɗaya. Abin da ban sani ba, kuma babu takardar da ta rubuta shi, shi ne murhu iska ɗaya yake juyawa a gida duka. Abin da ya shaƙo daga sama shi yake hurowa a ƙasa. Da yammacin ranar ina yanka albasa a kicin, sai ƙamshin ɗakin Ardis ya fito ta kafar da ke kusa da ƙafata: tsumma wankakke, da man da take shafa wa hannunta in sanyi ya farfasa shi. Na ajiye wuƙa na zauna a ƙasa na yi kukan da ban yi ba ranar jana'izarta. Washegari ma ƙamshin yana nan, da jibi. Na tashi in je in rufe ƙofar, na tuna ba dama.

Kwana biyar na yi ina zaga gidan da duk ƙofofinsa ke buɗe, da ɗumi a kowane ɗaki, babu kowa a ciki. Ban zauna a falo ba ko sau ɗaya. Ina gama zagayen sai in koma kicin da ɗan ɗakina, inda na saba. Nan na gane cewa gidan da nake ta yaƙi a kansa na daɗe da tashi daga cikinsa, ɗaki bayan ɗaki, kaya ne kawai ban kwashe ba. Ɗakuna biyu nake rayuwa a ciki, kuma ɗakuna biyu ne a saman garejin Gwen.

Ranar Lahadi ta kira.

"Baba, gida da ɗumi?"

"Da ɗumi. Yau gaskiya ne." Na kwashe komai na gaya mata, har da ludayin. Ban yi zaton za ta yi dariya ba, ba ta kuwa yi ba.

"To ai murhu bai mutu ba, Baba. Ba ka karya komai ba. Ba zan tilasta maka ba."

"Na sani. Ɗakunan nan naki, ba ki saka haya ba ko?"

 Ta ce, "Duk wata nake share su."

Marigayi ya rasu ya bar murhu ɗaya, mai shekara ashirin da shida, cikin ƙoshin lafiya. Da fanka, abokiyar zamansa, wadda ta yi ta hura iska a banza tsawon mako bakwai ba ta yi ƙorafi ba. Da wayoyi biyu, waɗanda tuni aka ɗaura wa wani. Da magajinsa, wanda ya faɗi gaskiya sau ɗaya aka saurare shi, abin da marigayi bai samu ba. Ya kuma bar Duane Hakala, wanda ya riga ya ba da labarin a shagon aski da wurin shan kofi da ƙofar coci, kowane karo da ƙarin gishiri, da ni, wanda ba ni da bakin musantawa.

Game da jana'iza, kamar yadda aka saba ga duk wanda ya rasu da sanyi a garin nan, ƙasa ta daskare, ba a iya haƙa sai ta saki. Gawar tana cikin gwangwanin kofi a kan kanta a gareji, mai son yin bankwana yana iya zuwa, ƙofar ba ta kulle. Za a binne shi ranar Asabar ta biyu a watan Mayu, da ƙarfe goma na safe, a gindin bangon ɗakin sirace. Duane ne zai haƙa, kuma an roƙe shi kada ya yi jawabi. Da tsakar rana Gwen za ta iso da babbar mota.

Iyalan mamaci suna roƙon kada a kawo furanni, kada kuma matan coci su wahalar da kansu da girki, don firjin ma tafiya zai yi. Mai son nuna alhini ya zo da kwalaye da tsofaffin jaridu na naɗe kwanuka. Ana buƙatar maza huɗu masu lafiyar baya, saboda masaƙar ba za ta sauko daga bene ba sai an kwance ta.

Tammy ta ce kafin a kwance ta sai an yanke dardumar daga jikinta. Na hau da almakashi sau uku, sau uku na sauko da shi. Saboda haka ana neman mace ɗaya daga cikin ƙawayen Ardis da ta iya saƙa, ta zo kowace rana kafin Mayu. Abin da ya rage bai fi kamu biyu ba, tsumman yana nan a kwando, ɗakin kuma da ɗumi. In ta gama ta yanke da kanta, ni zan jira a kicin.